Taku Arba'in Daga Gindin Dutse

Ni mace ce mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. In mai nama ya cika yi mini fara'a, sai na juya tsokar na duba ƙasanta. In ɗaliba ta kawo mini aikin gida tsaf babu kuskure, sai na tashe ta tsaye ta maimaita mini da baki. Maigidana yakan ce ko zamzam aka kawo mini sai na shinshina kafin na sha. Ban musa ba. Halin nan ya sha fitar da ni, sau ɗaya ne ya kai ni ya baro, kuma a kan ƙanen mahaifina ne.

Ƙauyenmu yana bayan Balan, a ƙasar Gaya. A yammacin gonar kakanmu akwai dutse. Kada a ji dutse a zaci wani abin ɗaga kai ne. Shimfiɗaɗɗe ne, baƙi, kamar an kife ƙatuwar ƙwarya an binne rabinta, tsohuwa ma tana hawansa da tulu a ka. A kansa matan gidanmu suke shanya barkono da kuɓewa tun kafin a haife ni.

Da kakanmu ya ga tsufa ya kama shi, sai ya raba wa 'ya'yansa biyu gonar da ransa. Ya tsayar da ƙaramin, wato Baffa, a gindin dutsen, ya ce ya fuskanci gabas ya yi taku arba'in. Baffa a lokacin saurayi ne dogo. Inda takun ya ƙare, daidai gindin wata aduwa, kakanmu ya ce daga nan zuwa dutse na Baffa ne, daga nan zuwa gaba na mahaifina. Aka ce masa tunda ga aduwa, a yi iyaka da ita mana. Ya ce a'a, itace gobe wani zai iya sa masa gatari, amma dutse babu mai ɗaga shi, don haka daga dutse za a riƙa aunawa.

Haka kuwa aka yi ta yi. Iskar bazara tana cike kwarin kunya, garma tana shafe abin da ya rage, saboda haka duk shekara kafin huɗa Baffa yakan je gindin dutse ya taka arba'in, mahaifina yana tsaye yana ƙirgawa, a ja layi da fartanya, kowa ya kama aikinsa.

Bayan rasuwar mahaifina aka raba gado, yankin da ke jikin na Baffa ya faɗo a rabona. Ina aure a cikin garin Gaya, ina koyar da labarin ƙasa a sakandaren 'yan mata, don haka 'yan ƙwadago ne suke nome mini, maigidana yana leƙa su. Duk bazara Baffa yakan aiko cewa ranar kaza zai taka iyaka, a zo a gani. Ban taɓa zuwa ba. Ga makaranta, ga yara, kuma Baffa ne.

Wata kaka na je ganin gero, rana ta dame ni, na nufi aduwar nan don na fake. Sai na ga sai na ratsa ta cikin geron Baffa kafin na kai gare ta. Na tsaya cak. Ina yarinya nakan zauna a gindinta na miƙe ƙafa ɗaya a gonarmu ɗaya a ta Baffa, ina yi wa yayyena burgar cewa ina gona biyu a lokaci guda. Na koma baya na ƙirga. Kunya uku cur iyakar ta wuce aduwa, ta shigo cikin tawa.

Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar lauje. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini.

"Uwata, yau da rana tsaka? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baffa. Daga gona nake. Na ga iyaka ta wuce aduwa."

"Ta wuce," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Kunya uku. Na so ki zo ki gani da idonki, ba kya zuwa."

"To yaya aka yi haka?"

"Ba ni na matsa ba, Uwata. Dutsen ne yake girma."

Da ya ce mini manta ƙirga ya yi, ko masu garma ne suka karkace, wallahi da na haƙura. Amma dutse yana girma! Ni zai gaya wa haka? Shekara goma sha biyar ina cin alli a kan yadda duwatsu suke samuwa. Ina da kayan aikina da nake shiga aji da su duk shekara. Nakan shimfiɗa darduma a kan tebur na sa ɗalibai biyu su turo ta daga gefe da gefe har ta tattare ta yi tudu da kwari, na ce musu haka ɓawon ƙasa yake lanƙwashewa in manyan sassansa suka yi ta turereniya, haka dogayen tsaunukan duniya suka tashi. Nakan nuna musu daɓen ajinmu inda ya tsage, gefe ɗaya ya ɗago ɗaya ya nutse, na ce ga iri na biyu. Na uku ba ya ba su wuya, duk wadda ta taɓa tsayawa a kan talge yana tafasa yana tsartuwa ta san yadda dutse mai aman wuta yake tara kansa. Na huɗu kuwa, nakan binne dutse a farantin yashi na riƙa zuba ruwa da buta har ya bayyana, na ce wannan tun can yana ƙarƙashi, narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa, ruwa da iska suka kwashe abin da ya rufe shi. Irinsa ne manyan duwatsun da muke gani in mun doshi garin Dutse. Kuma kowanne a cikin huɗun nan, nakan buga tebur na ce, sai an yi shekaru dubbai a kan dubbai. Dutse ba kabewa ba ne da za a shuka bana a ga ya yaɗu.

Ban faɗi wannan duka a gabansa ba. Cewa kawai na yi, "Baffa, dutse ba ya girma." Ya ce, "To." Na tashi na kaɗe zanena na tafi, ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba.

A hanya, a bayan babur, na gama shari'ar ni kaɗai. Ɗaya cikin uku ne. Ko dai yana buɗa ƙafa in yana takun, ko yana farawa daga gaban inda ya kamata, ko kuma, wanda ya fi kwanta mini a rai, yana haƙe ƙasar gindin dutsen yana ba masu yin bulo, dutse ya ƙara fitowa, shi kuma ya matso cikin gonar marainiya. Har marainiya na kira kaina, da 'ya'yana biyar.

Na je Gafasa, inda mahaifiyata ta koma wajen danginta bayan takaba, na zayyana mata. Tana tsinke zogale tana saurarona, da na gama ta ce, "Mutumin da ya tauna dabino ya sa miki a baki ran da aka haife ki, shi ne zai ci miki kunya uku? Ki je ki tsaya ran da yake takun mana." Na ce wanda ya san ana kallonsa ai gyara taku zai yi. Ta ce, "Allah ya shirye ki." Na dawo ina cewa a raina Inna kara take yi wa dangin miji, tun da can haka take.

Da kaka ta ƙare Baffa ya aiko mini da ƙwaryar barkono, wanda aka shanya a kan dutsen, kamar yadda yake yi duk shekara tun aurena. Na ce a mayar, a ce muna da shi. Sallah ta zo ban je gaishe shi ba, na ce kaina ke ciwo, maigidana ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo ya ce, "Malama, tsohon nan sau uku yana tambayata jikinki." Na ce ai dole ya tambaya.

Da bazara ta kama sai na haɗa tarko. Na sayi ƙaramin gwangwanin jan fenti, na je ranar kasuwa lokacin da na san Baffa ba ya gona, na bi gindin dutsen na ja layi daidai inda dutse ya haɗu da ƙasa. Na ɗauki hoto da waya ta kowace kusurwa. Maigidana ya ce saura na kai rahoto ofishin 'yan sanda a kama dutse. Ban yi dariya ba.

Bayan damina na koma. Layina yana nan ja wur, amma ya bar ƙasa a baya. Tsakaninsa da ƙasa akwai sabon dutse wajen taƙi biyu, fari-fari, bai yi baƙi irin na sama ba. Na durƙusa na duba ko zan ga saran fartanya ko bakin shebur. Babu. Na zagaya neman sawun amalanke. Babu. Wani mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi lallai tsohon nan ya iya aikinsa, har share sawu yake yi.

Wata Sallar ta sake wucewa ban je ba. Ba zan yi ƙarya na ce ina jin daɗi ba. Nakan tuna yadda yake goya ni a wuya zuwa gona, sai na yi maza na tuno kunya uku don kada na sauko.

A tsakiyar damina ta biyu, wata Asabar da hantsi, na ce bari na yi masa zuwan ba-zata ko na kama shi da shebur a hannu. Ina isa gona hadari ya taso daga gabas, kafin na yi wani tunani ruwa ya kece. Na ruga gindin aduwa, ita kuwa aduwa ba ta tare ruwa sai dai ta ƙara maka da ƙaya. Sai na ji murya daga wata 'yar bukka da ke gefen dutse.

"Uwata! Shigo nan kada ki jiƙe."

Na shiga don ba ni da yadda zan yi. Yana zaune a kan buhu, ya matsa mini. Na gaishe shi a daƙile, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ban ga shebur ba, na duba. Muka zauna muna kallon waje.

Daga bakin bukkar ana ganin dutsen gaba ɗaya. Ruwan da ya sauka a kansa ba shi da inda zai nutse, sai ya taru ya gangaro gaba ɗaya, fari tas, kamar an tuntsurar da randa. Yana isa gindi ya daki ƙasa, nan take ya rikiɗe ya zama ja. Ina kallo da idona bakin ƙasar yana ɓantarewa kaɗan-kaɗan yana bin ruwa, ya ratsa ta cikin geron Baffa ya nufi kwari. Wani tushen gero da ke kusa da dutse ya karkata, saiwarsa a waje. A da akwai gamba a jere a wurin da wasu gawo guda biyu, an daɗe da sare su, ban ma lura ba sai ranar.

Farantina ne da butata. Abin da nake yi a gaban yara duk shekara, ina cewa su matso su gani, shi ne Allah yake yi a gonar kakana, ni kuma na zo da jan fenti neman ɓarawo. Na sa a kaina cewa sai shekaru dubbai, na manta cewa ƙasar da ke kan wannan dutsen ba ta fi zurfin fartanya ba, shi kuma a kwance yake a ƙarƙashinta. In ruwa ya kwashe kaurin yatsa biyu, sai dutse ya fito taƙi biyu.

Sai dai mai zargi ba ya sauka da wuri. Kafin ruwan ya tsaya na riga na sami wata sabuwa. To, na yarda ba shi yake haƙa ba. Amma ai shi yake cin moriyar abin. Dutse yana tura shi, shi kuma yana tura ni, arba'in ɗinsa tana nan cif, tawa ce take raguwa. Ya sani sarai, ya yi shiru. Da ruwa ya ɗauke na yi masa sallama na tafi da wannan a ciki.

Da bazara ta zagayo ya aiko kamar kullum. A karon farko na je, da tef ɗin awo na makaranta a jaka.

Na same shi a gindin dutse da sanda. Ban san yana riƙe sanda ba. Ya yi bisimilla, ya sa dugadugansa a bakin dutse, ya fara. Na bi shi a gefe ina ƙirgawa da ƙarfi, idona a kan ƙafafunsa, ina jiran na ga inda zai buɗa. Ƙafar dama tana tafiya, ta hagu sai ya jawo ta, gwiwar ba ta miƙewa. A taku na ashirin da biyu ya tsaya ya huta, bai motsa ƙafa ba har ya sami numfashi. Ya cika arba'in, ya soke sanda. Kunya huɗu bayan aduwa.

Na ce, "Baffa, ran da aka raba gonar nan, ina ne bakin dutse?"

Ya juya muka koma. Ya hau kan dutsen, ya yi 'yar tafiya, ya nuna mini wani ɗan gurbi da mata suka taɓa yin niƙa a ciki. "Nan Baba ya tsayar da ni. A lokacin daga nan ƙasa ta fara."

Na ja tef daga gurbin zuwa aduwa, na rubuta a tafin hannuna. Na ja daga bakin dutse na yau zuwa inda sandarsa take, na rubuta. Na sake ja, don ban yarda da na farko ba. Lissafin bai canza ba. Dutse ya cinye wa Baffa wajen kunya goma sha uku. Huɗu kawai suka dawo masa ta wajena. Tara sun tafi, ba a wajena suke ba, ba a wajen kowa ba. Abin da ya rage masa ma rabinsa tsakuwa ce, geron wurin ko kafaɗata ba ya kaiwa.

"Baffa, ka san takunka ya ragu?"

"Ni da ƙafata? Na sani mana. Tun Yaya yana da rai."

"To me ya hana ka ƙara?"

"Baba arba'in ya ce. Bai ce in ka tsufa ka yi hamsin ba."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya dube ni, ba da fushi ba. "Na gaya miki abin da na gani, Uwata. Kika ce dutse ba ya girma. Ke ce malama."

Na zauna a kan dutsen nan da tef a cinya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na ce ya yafe mini. Na gaya masa komai, har fentin, har masu bulo. Ya ce fentin ya gani tun washegari, ya ɗauka wani aikin makaranta ne. Da ya ji zancen masu bulo ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Gonar ba ta dame ni ba. Barkonon da kika mayar ne ya yi mini ciwo."

Da na natsu, halin malanta ya motsa, na ce masa ai dutsen ba girma yake ba, ƙasar ce take zaizayewa tana barinsa a fili. Na kawo masa misalin faranti da buta. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na ji. Amma shi gero duk ɗaya ne a wajensa."

A shekarar muka sa aka jera duwatsu a gindin dutsen don su karya ƙarfin ruwa, aka dasa gamba layi biyu a bayansu. Ya rage, bai hana ba. Na roƙe shi mu bar takun, mu kafa iyaka a inda zai mayar masa da tararsa. Ya ce ba zai canza maganar mahaifinsa ba yana dab da zuwa ya same shi.

Bazarar da ta wuce gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, a kan babur aka kawo shi gona. Ya zauna a kan dutse ya ce tunda sunan uwarsa gare ni, ni zan taka masa. Na ji daɗi, don na zo da shirina. Na tattare zane, na sa dugadugai a bakin dutse, na fara jefa ƙafa iya ƙarfina, kowane taku har sai na ji cinyata ta amsa. Ban kai goma sha biyar ba na ji shi.

"Uwata! Dawo. Wannan taku ne ko tsallaken rafi?"

"Haka nake tafiya, Baffa."

"Ni na koya miki tafiya. Dawo."

Na dawo. Ya miƙo hannu na tashe shi, ya dafa kafaɗata, sanda a ɗaya hannun. Muka taka tare, shi yana jan ƙafa, ni ina rage tawa don ta yi daidai da tasa, yana ƙirgawa a hankali. Sau uku muna hutawa. Arba'in ta ƙare kunya ɗaya tak bayan aduwa. Ya soke sandarsa ya ce a ja layi a nan.

Na ce, "Baffa, ni ban yarda ba."

Ya ce ai ya sani, tun ina goye ban taɓa yarda da komai ba. Ya ce a ja layin.